Golan da na sallama

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatu ba, na samu aiki a Lyon, na kuma faɗa cikin wani wasa da har yau in na yi ƙoƙarin bayyana shi ga mutanen gida sai in ga suna kallona da tausayi. Bari in gwada a nan, wataƙila ku za ku fi su haƙuri.

A buron da nake aiki, wato ofishinmu, akwai wani ɗan Kanada, mutum mai fara'a, wanda ba ya iya shanye kofin kafe bai ambaci hoki ba. Wasan nan ne da ake yi a kan ƙanƙara da sanduna, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba. Shi ya tara mu, mu goma, a wata gasa ta cikin waya. Ba mu muke buga wasan ba. Kowa yana zaɓar 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyin can ƙetaren teku, ya haɗa tasa ekip, wato ƙungiya, a manhaja. In ɗan wasanka ya zura a raga a can, kai ka samu maki a nan. In ya karye a can, kai ma ka karye a nan. Babu kuɗi a ciki. Duk wahalar nan ana yin ta ne saboda wani kofin roba da aka fesa wa fenti ruwan zinariya, hannunsa ɗaya ma ya ɓalle.

Ni da ban taɓa taka ƙanƙara ba sai wadda ke kwanciya a kan titi, ita ma kayar da ni ta yi, sai na ɗauki abin da muhimmanci fiye da kima. Ina jin dalilin shi ne, a lokacin ba ni da kowa a garin. A wurin aiki ni ne sabon yaro mai yawan neman afuwa. A gasar nan kuwa ana tambayar ra'ayina. A shekara ta biyu suka naɗa ni komiser, wato mai kula da dokoki da raba gardama, don ni kaɗai na karanta dokokin har ƙarshe, na kuma dawo da tambayoyi.

Dokoki biyu kawai nake so ku riƙe. Ta farko, in kakar wasa ta ƙare, kowa yana da ikon riƙe 'yan wasa uku su bi shi zuwa shekara mai zuwa. Sauran duka a mayar da su cikin tukunya a sake zaɓe, kuma wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara ɗauka. Ta biyu, musayar 'yan wasa halal ce a kowane lokaci, amma wanda ka samu bayan watan Fabrairu ya fita, ba ka da ikon riƙe shi. Wannan ta biyun ni na ƙirƙiro ta da kaina, don kada wanda ya ga ya faɗi ya kwashe gwanayensa ya miƙa wa abokinsa. Na yi alfahari da ita sosai.

Sai wani ya bar gasar, wuri ya buɗe, na kawo abokina. Ina so a san wannan: ni na kawo shi, ba wanda ya tilasta ni.

Tun firamare a Maradi muke tare. Ba zan ce ya fi ni ƙwaƙwalwa ba, ba kuma zan ce bai fi ni ba. Abin da na sani shi ne, ni in kwashe mako ina bita, shi ya aro littafina da safe ya leƙa, mu fito da maki ɗaya. Wani lokaci nasa ya ɗara. A lokacin yana zaune a Stains, a gefen Paris, yana aikin tsara shige da ficen manyan motoci a babbar kasuwar abinci ta Rungis. Hoki kuwa, da na fara yi masa bayani tambayata ya yi ko faifan robar ana cin sa ne.

Na zaci zan samu wanda zan riƙa koya wa abu, sau ɗaya a rayuwa.

Mu a gasar, in kana son musaya, sai ka danna a manhaja, ka tura, ka jira. Abokina bai yarda da wannan ba. Shi kira yake yi. Ya gaishe ka, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, sai can ya ce, af, akwai wani yaro a wurinka da na ga ba ka amfani da shi. Turawan nan ba su taɓa ganin irin wannan ba. Kafin hunturu ya raba ya san sunan 'ya'yan kowa, ya san wanda surukarsa ke asibiti. Wata rana a wurin cin abincin rana na tarar da ɗan Kanada ya kunna saƙon muryar abokina yana dariya har da hawaye, ya ce mini, “Ina ka ɓoye mana wannan mutumin?” Na yi murmushi. Shinkafar ranar ba ta wuce mini da daɗi ba.

To, akwai wani matashin gola, mai tsaron raga, da na ɗauka a zagayen ƙarshe na zaɓe, bayan dogon bincike. Ba shi ne na ɗaya a ƙungiyarsu ba, zaman benci ya fi yi. Amma lissafina ya nuna mini akwai abu a tare da shi, ko dai mai yiwuwa akwai. Gololin hoki suna sa kwalkwali mai rufe fuska, kowa da zanen da yake so a kai. Nasa wani tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu.

Ranar ƙarshe ta Fabrairu, ina hutun rana, wayata ta yi ƙara. Bayan gaisuwar da ta kusa cinye hutun, abokina ya ce, “Ranka ya daɗe komiser, yaron nan mai shamuwa a kai, mi kake yi da shi?”

Na ce, “Ba shamuwa ba ce. Ban san ma wane tsuntsu ba ne.”

“Shamuwa ce. In ka ga shamuwa ai damina ta zo. Ba ni shi.”

“Ka san alƙalumansa kuwa?”

“Ni ina ruwana da alƙalami? Kalli idon yaron. Na ba ka ɗan gaban nan nawa mai gemu.”

Na ce, “Albarka.”

Ya fashe da dariya. “Kai! Yau ga ɗan Hajiya ya tuna kasuwa. To, na ƙara.”

Haka muka yi ta ja kamar muna tsakiyar kasuwar Maradi, ni ina tsaye a bakin tagar buro, ana yayyafi a waje. Gaskiya na ji daɗin cinikin, na daɗe ban yi irinsa ba. A ƙarshe ya sa mini wani babban ɗan baya, tsohon hannu, wanda shekara da shekaru makinsa ba ya hawa ba ya sauka. Irin mutumin da nake so ke nan, wanda ba zai ba ni mamaki ba. Ya ce kuma ga gyara, ya ɗora mini wani yaro da shi kansa bai iya faɗin sunansa ba.

Ya ce, “To, mi ka ce?”

Na ce, “Na sallama.”

“Madalla. Allah ya amfana mana duka. Ga shi nan na turo, ka danna.”

Ban danna ba. Ba wai na canza ra'ayi ba ne, ko kusa. Hali ne kawai. Ni ko takardar hayar ɗaki aka ba ni, na karanta na yarda, sai na kwana da ita. Na sake duba lissafin bayan na tashi aiki, ya fito daidai. Washegari da safe, ina cikin metiro, jirgin ƙasan cikin gari, na danna. Ban ko lura cewa wata ya riga ya juya ba.

Ga abin da ya biyo baya. Babban golan ƙungiyarsu ya ji rauni, aka sa yaron. Wasannin can ana yin su muna barci, don haka kullum da safe nake ganin sakamako. Yau ya hana a zura ko ɗaya, gobe ya tare abin da ba ya taruwa. Jaridun can suka fara buga hotonsa da tsuntsun nan a kai. A guruf ɗinmu na hira a waya kowa ya koma kiransa Shamuwa, har Turawan, suna rubuta shi yadda suka ga dama. Ni kuwa ɗan bayana da bai taɓa ciwo ba, gwiwarsa ta tashi aiki. Na gyaran ma aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Abokina ya taso daga can ƙasa ya ƙare a na biyu. Ni na zo na goma cikin goma.

Abin da ya fi ci mini rai ba faɗuwar ba ce. Ni na gano yaron nan. Ni na zauna na tace shi daga cikin ɗaruruwa. Amma a guruf sai ka ji ana cewa abokina yana da ido, abokina ya san mutane. Ido! Mutumin da ya zaɓi gola saboda tsuntsu.

Ko a gida ban tsira ba. Na kira mahaifiyata ranar Juma'a, ta ji muryata ta ce lafiya? Na yi kuskuren cewa wani ɗan wasana ne na ba abokina, ya zama gwani a hannunsa. Sai ta ce, “Yaran nan da kake tarawa, kai kake ciyar da su?” Na ce a'a, ba su ma san da ni ba. Ta ce, “To, Allah ya kyauta.” Sai kuma muryarta ta washe. “Amma shi abokin naka ɗan albarka ne, komi ya taɓa sai ya yi kyau, tun yana ƙarami. Ka gaishe mini da shi. Ka ce turaren da ya aiko ya iso.” Ni ma na aika turare a watan. Ba a ambace shi ba.

Da bazara ta kusa ƙarewa, lokacin da kowa ke bayyana ukun da zai riƙe, abokina ya sa Shamuwa a farko, da hoton tsuntsu da komai. Ba a jima ba wani ɗan gasar, mai aikin inshora, wanda son ƙa'idarsa ya kusa kai nawa, ya turo hoton shafin musayar. Ya ja jan layi a ƙarƙashin kwanan watan. Ɗaya ga Maris. Ya rubuta, “Komiser, in na fahimci dokarka, wannan golan ba ya riƙuwa. Ko na yi kuskure?”

Bai yi kuskure ba. A bisa abin da manhaja ta nuna, Shamuwa zai koma tukunya. Kuma wa ke fara ɗauka a tukunya? Wanda ya zo na ƙarshe.

Ina zaune a kan kujerata na ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Ba sai na yi ƙarya ba. Ba sai na ƙirƙiro komai ba. Dokar tana nan a rubuce tun kafin cinikin, kwanan watan yana nan, wani ne ma ya tono ba ni ba. Abin da ake bukata daga gare ni kawai in ce, haka ne, doka ta hau. Cinikin da muka yi a waya kuwa, daga ni sai shi sai Allah.

Na rubuta, “Zan duba, zan dawo gare ku.” Abokina ya turo fuskar dariya guda ɗaya, bai ƙara komai ba.

Na yi ta dubawa. Na karanta dokar da ni na rubuta kamar wani ne ya aiko mini da ita. Na gina hujjoji masu kyau: komiser ba ya aiki da abin da ba a rubuce ba; in na karɓi maganar baka yau, gobe kowa zai zo da tasa; kuma ai za a ce na fifita ɗan garinmu. Duk gaskiya ne, har yanzu ban ga ƙarya a cikinsu ba. Sai dai na lura duk hujjar da na gina, a ƙarshenta Shamuwa yana cikin ekip ɗina.

A cikin makon ne na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don sabunta fasfo. Da na gama, muka haɗu a Barbès, ranar kasuwa, ƙarƙashin gadar metiro. Jirgi na wucewa a sama yana girgiza ƙarafa, masu kayan miya na ta ihu a ƙasa, shi kuma yana tsaye yana matsa mangwaro ɗaya bayan ɗaya kamar likita.

Ya ce, “A'a, ga hukuma da kanta! Malam komiser, an zo kama ni ne?”

Muka gaisa. Na tambayi aiki, ya tambayi Hajiya. Na riƙe masa leda. Na yi niyyar in bari shi ya fara tayar da maganar, ya roƙe ni, ko ya yi fushi, in samu abin kamawa. Bai tayar ba. Ya shiga ba ni labarin wani direban da ya kawo kifi ya sauke a rumfar furanni. Ni ne na gaji.

Na ce, “Maganar golan nan fa, akwai 'yar matsala. Ba wai na yanke ba ne. Amma in aka bi rubutu, to, da wuya.”

Ya ce, “Bon. Kana son shi?”

“Ba maganar so ba ce. Maganar doka ce.”

“Kai dai, mutumina. Tun muna aji uku in kana son abu sai ka ce ba maganar so ba ce.” Ya ɗaga wani mangwaro ya shinshina. “In kana son shi, ɗauke shi. Wallahi ba komi. In nemo wani mai zabuwa a kai.”

Ban san ko za ku gane ba, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni na kwana ina juyi a kan yaron nan, shi kuma zai miƙo mini shi kamar ragowar goro. Har a wurin rashi ma sai ya fi ni.

Na ce, “Me ya sa ba ka faɗa a guruf ba, cewa mun gama tun ranar?”

“In ni na faɗa, mai kaya ne ke kare kayansa, wa zai yarda? Kai ma in ka yi shiru ba wanda zai sani.” Ya miƙa wa mai mangwaron kuɗinsa, ya juyo yana dariya. “Amma dai ka ce ka sallama. Da kunnena na ji. Har na ce yau ɗan Hajiya ya yi magana ɗaya ba tare da wataƙila ba. Na so in yanka rago.”

Ya raka ni har bakin tashar metiro, ya cusa mini mangwaro biyu a jaka, ya ce in ci kafin su lalace don ya san ni, sai na yi bincike a kansu tukuna.

A jirgin komawa Lyon na rasa abin da zan yi da wannan magana. Na girma a gidan da ake sayar da man gyaɗa. Na sha ganin an sallama tulu, mai saye ya tafi neman ɗan dako, wani ya zo ya taya da tsada, a ce masa an riga an sayar, alhali tulun yana nan a gabansa ba a ko taɓa shi ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan a matsayin doka. Ban ma san ina ɗauke da shi ba. Na ƙetare teku, na rubuta wa Turawa dokoki shafi-shafi, ga shi kalma biyu da na furta a bakin taga sun fi su nauyi a wuyana.

Na fara rubuta saƙo. Na farkon ya yi tsawo, cike da “ta wata fuskar” da “ana iya cewa”. Na goge. Wanda na tura a ƙarshe, da Faransanci, ga abin da ya ƙunsa: “Cinikin ya ƙare ranar ƙarshe ta Fabrairu, a waya. Na ce masa na sallama. Ni na yi jinkirin dannawa. Golan nasa ne, yana da ikon riƙe shi.” Kalmomin nan biyu da Hausa na bar su, don na rasa abin da zan sa a madadinsu.

Mai inshora ya amsa nan take. Ya ce ba ya zargin kowa, amma ina shaida? Na ce babu. Na ce abin da zan iya nuna masa kawai shi ne, in aka soke, ni zan fara ɗauka, kuma kowa ya san wanda zan ɗauka. Can ɗan Kanada ya rubuta, “Ni wannan ya ishe ni. Amma mene ne nasallama?”

Abokina ne ya amsa, da saƙon murya mai tsawon huɗuba, har da kwaikwayon muryata. Aka yi ta dariya. Wato ko a ranar da na yi abin kirki, shi aka tafa wa.

Mai inshora ya yarda, bisa sharaɗin a gyara dokar, kuma yana da gaskiya. Muka ƙara layi ɗaya: ciniki ya tabbata daga lokacin da mai bayarwa ya rubuta kalmar a guruf, kowa na gani, ko an danna ko ba a danna ba. Har yau da ita muke aiki. Za ka ga Bafaranshe ɗan Lyon da bai san inda Maradi take ba ya rubuta “nassalama” da alamar motsin rai uku.

A shekarar da ta biyo abokina ya ɗauki kofin. Ya ɗaure hannun da ya ɓalle da zaren buhun albasa, ya ɗora shi a kan firij ɗinsa a Stains, daidai inda duk wanda ya shigo zai gani. Ni da zaɓen farkon nawa na ɗauki wani da dukan masana suka yarda da shi. Ya yi daidai gwargwado.

Ina so in ce muku daga ranar kishin ya fita daga raina, amma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da zan iya cewa shi ne, na gane bambanci tsakanin in ji abu da in yi aiki da shi, kuma ina jin, ban dai rantse ba, da na karɓe golan nan da ban ƙara iya riƙe wa abokina leda a kasuwa ina kallon idonsa ba. Yanzu ina iyawa. Ina kallonsa, ina jin haushinsa, muna cin mangwaro.

Shamuwa yana wurinsa har yanzu, shekara bayan shekara yana riƙe shi. Ni kuma kullum da safe a metiro, kafin in duba 'yan wasana, sai na fara duba abin da yaron ya yi. In ya yi kyau, in ji zafi. In an zura masa da yawa, nan ma in ji zafi, don ni na gano shi.

Kwanan baya na kira abokina. Na gaishe shi, na tambayi aiki, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi sanyi. Sai can na ce, af, golan nan naka ya fara tsufa, ga 'yan gabana biyu, har da gyara.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, “Albarka.”